Tambayar Da Maman Kati Ba Ta Yi Ba

Shekara goma sha tara Maman Kati ta yi a kan tebur ɗaya, a bakin ƙofar sashen da ba wanda yake son a gan shi yana shiga. Asibitin babba ne, amma sashen nasu can baya aka jefa shi, bayan ɗakin wanki, dab da inda ake ƙona shara. A allon ƙofa an rubuta wani dogon suna na lafiyar ma'aurata, mutanen gari kuwa ba sa wahalar da bakinsu, ɗakin sanyi kawai suke cewa. Mata ne suka fi zuwa. Sai ka ga mace ta wuce ƙofar kamar ba nan za ta ba, ta je ta dawo, ta waiga hagu ta waiga dama, sannan ta faɗo ciki wuf. Wadda za ta fara cin karo da ita Maman Kati ce, tabarau a kan karan hanci, biro ɗaure da zare a ƙafar tebur, don biron da aka sace mata ya fi a ƙirga.

Ita ba nas ba ce, ba likita ba ce. Kati take yankewa, ta cike fom, ta nuna wa mace benci. Amma kada ka raina fom ɗin nan, domin a kansa ne matar ɗanta ta rasa ɗaya daga cikin hanyoyi biyun da ƙwan haihuwa ke bi ya isa mahaifa. Saura ɗaya tal ta rage wa yarinyar, kuma ko ita ɗin ba ta tsira ba tukuna.

Ga yadda abin yake. Akwai wata cuta da likitoci ke kira kilamidiya, wadda mutane ke haɗawa da 'yan uwanta su ce sanyi. Muguwa ce, munafuka kuma. Ta wajen kwanciya ake ɗaukarta, kuma sau da yawa ba ta nuna kanta. Mace sai ta shekara da ita tana harkokinta, ba zafi ba ƙaiƙayi, ita kuwa tana can ciki tana ɓarna a hankali har ta toshe hanyar ƙwai. Maganinta ba wani abu ba ne, ƙwayoyi ne na kwana bakwai. Gano ta ne aiki, don kayan gwajin da ake kawo wa sashen ba sa isar kowa. Shi ya sa aka fito da fom mai tambayoyi shida, kowace "e" maki ɗaya. Mai maki biyu zuwa sama a yi mata gwaji. Wadda ba ta kai ba, in dai ba wata babbar alama aka gani a jikinta ba, a ba ta maganin ciwo, a ce ta dawo in abin ya ƙi.

Tambayoyin nan Maman Kati ta haddace su tsaf. Shekarunki ba su kai ashirin da biyar ba? Kin yi sabon abokin kwanciya cikin wata ukun nan? Sun wuce ɗaya a bana? Kin taɓa kwana da wanda ba mijinki ba babu kwaroron roba? An taɓa yi miki maganin sanyi? Sai ta shida: kina zaton mijinki ko abokin zamanki yana neman wata a waje?

Biyar ɗin farko takan jero su ko ƙifta ido ba ta yi. Ta shidan ce ba ta yi wa matar aure, kuma tana da dalilinta. A shekararta ta biyu a aikin ta yi wa wata mata tambayar, matar ta ce e, ta fashe da kuka, ta koma gida ta gaya wa mijin cewa har a asibiti an san halinsa. Washegari sai ga shi, wani ƙaton mutum mai warin taba, ya kifar da teburin, ya kira Maman Kati mai raba aure a gaban mata sun kai ashirin, ya fice yana huci. Manyan asibiti suka yi me? Suka ce ta riƙa sassauta harshe. To, ta sassauta. Daga ranar, mace tana cewa tana da aure, biro zai zarce da kansa ya rubuta "a'a" a layi na shida. Ba wanda ya taɓa lura, don ba mai duba fom sai wurin jimillar maki.

Ta kuma ƙaro wata dabarar. In gwaji ya nuna matar aure tana da cutar, akan ba ta wata 'yar takarda rawaya ta kai wa mijinta, ya zo shi ma a yi masa magani, don in ba haka ba yau ta warke gobe ya mayar mata. Matan sukan riƙe takardar nan kamar garwashi.

"Mama, yaya zan yi in ba shi? Cewa zai yi ni na kwaso."

Sai Maman Kati ta sunkuyo ta rage murya. "Ki ce masa a banɗaki kika ɗauka, likita ya ce ku sha magani tare."

Ta san ƙarya ce tsagwaronta. Ba a ɗaukar cutar nan a banɗaki, ko da na tasha ne. Amma ta ga ƙaryar tana hana duka, tana hana saki, sai ta ɗauke ta taimako. Har a gida takan ba da labarin tana dariya, ɗanta yana gefe yana cin abinci yana ji.

Mazan kuwa, tir da hali! Cikin goma da ƙyar ɗaya ke zuwa. Sauran takardun rawayan sai dai ka gan su a kwatar bayan katanga, ruwa ya jiƙa su sun manne. Waɗanda suka zo ma, da ba su zo ba da ya fi. Wani ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi matarsa ya rako, alhali matar tana gida. Wani ya sha mur ya ce shi mutum ne mai mutunci, a unguwarsu in an yi faɗa shi ake kira sulhu. Maman Kati ta dube shi daga hula har takalmi, ta tuna zuwan matarsa na huɗu ke nan da ciwo ɗaya, ta ja tsaki a cikinta ta miƙa masa kati da yatsu biyu. Yana juya baya ta tashi ta wanke hannu da sabulu. Ba tsoron cuta ba ne, ta san ba a ɗauka ta kati. Ƙyanƙyami ne kawai.

Ƙyamar nan tana da tushe. Marigayi mijinta ma'aikacin titi ne, wata biyu a can, sati ɗaya a gida. Ɗa ɗaya ta haifa masa, daga nan shiru. Ta yi shekaru tana fama da ciwon mara, ana ce mata haka mata suke, dangin miji suna yi mata kallon wadda ta ɓoye 'ya'ya a wani wuri ta ƙi fitowa da su. Ya rasu yaron yana aji uku. Ta samu aikin shara a asibitin, da aka ga tana da rubutu mai kyau aka zaunar da ita a tebur. Sai da ta yi shekara biyar tana jin bayanin likitoci ta labule sannan wata rana ta haɗa nan da can, ta gane abin da ya rufe mata haihuwa da wanda ya kawo mata shi. Ranar ta fita bayan ɗakin wanki ta tofar da yawu ya fi sau goma. Mutumin yana kabari, ba halin ta tambaye shi.

Yaron, da yake shi kaɗai ne, Tilo ake ce masa. A kansa ta zuba komai. Ta rantse wa kanta wannan ba zai yi halin ubansa ba, kuma da ta rantse sai ta daina dubawa. Ya girma ya zama mai koyar da tuƙi, da 'yar farar motarsa mai allo a sama, ga fara'a, ga turare kamar an kifar da kwalba. Wayoyi biyu gare shi, ɗaya kullum a kife take. In ta yi ƙara a gaban mutane sai ya tashi ya fita waje. Uwar da ke gane maƙaryacin miji tun daga yadda yake share ƙafa a bakin ƙofa, ita ce take cewa, "Ai aikinsa ne, ɗalibai ba sa barinsa ya huta."

Ya auri wata malamar firamare, doguwa, marar hayaniya, 'yar shekara ashirin da uku. Tun da aka kawo ta Maman Kati take ce mata Amarya, sunan ya bi ta. Tana son yarinyar, wannan ba ƙarya. In ta dafa abu mai daɗi sai ta ɗebi nata ta aika.

Wata Talata da hantsi, layi ya kai har bakin ɗakin wanki, Maman Kati ta ɗaga kai don ta ce "mai bi" sai ta ga Amarya tsaye a gaban tebur, ta ƙanƙame jakarta.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau, 'yata. Me ya kawo ki nan? Saƙo ne?"

"A'a. Marata ce ke ɗan ciwo, ya kai sati uku. A can gaba suka ce in zo nan."

Kunya ta rufe Maman Kati. Surukarta, a wannan bencin, ga mata sun zuba ido! Ta ja fom, ta sunkuyar da kai. Shekaru ta sani, ba su kai ashirin da biyar ba, maki ɗaya. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, haba, wa zai yi wa matar ɗansa irin wannan tambaya? A'a, a'a, a'a. Ta biyar, a'a. Da biro ya iso layi na shida, Amarya ta ɗan matso, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Maman Kati ta gani sarai. Ta rubuta "a'a" da sauri, ta zagaye maki ɗaya, ta miƙa mata.

"Ba komai ba ne, in sha Allah. Tsayuwar aji ce. Shiga su ba ki magani ki je ki huta."

Maki ɗaya, ba gwaji. Aka ba ta ƙwayar ciwo ta tafi.

Bayan wata huɗu ta dawo. Wannan karon ta zaɓi ranar da take tsammanin uwar mijin nata tana hutu, sai aka yi rashin sa'a abokiyar aikin ba ta da lafiya, Maman Kati ce a tebur. Ko zama ba ta bari ta yi ba. Ta kwafe fom ɗin farko layi bayan layi, tana yi tana ba ta labarin tsadar kasuwa don kada shiru ya shiga tsakaninsu. Maki ɗaya. Amarya ta karɓi katin da hannu biyu, ta yi godiya, ta shiga ta fito da ƙwayar ciwo.

Shekara ta zagayo aka ce Amarya tana da ciki. Maman Kati ta yi rawa a tsakar gida ita kaɗai, ta sayi zaren saƙa ta fara hula. Ba a kai wata biyu ba aka bugo mata waya daga makaranta: Malama ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo, an wuce da ita tiyata. Cikin bai isa mahaifa ba, a hanya ya tsaya, hanyar ta fashe. Aka yanke ta aka cire. Da an ƙara awa ɗaya, in ji masu tiyata, da sai dai wani labarin.

Likitar sashensu, wata ƙaramar mace mai kaifin ido, ita ta karɓi Amarya bayan kwana uku. Ta sa aka yi gwajin da ya kamata a yi tun bara, ya nuna cutar. Ta sa aka ɗauko tsofaffin takardu, ta shimfiɗa fom biyu a kan teburinta, ta aika a kira Maman Kati.

"Mama, rubutunki ne wannan?"

"Nawa ne, likita."

"Kin yi mata tambayoyin?"

Maman Kati ta yi tsuru-tsuru. Mace mai furfura, wadda a shekaru ta haifi wannan likitar, ta sunkuyar da kai a gabanta. Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce Amarya da kanta ta yarda a yi maganar a gaban uwar mijinta. Ta ce hanya ɗaya ta rage, ita ma ta taɓu amma tana aiki. Za a ba yarinyar magani ta warke. Amma in ta koma wajen mijin da ba a yi wa magani ba, za ta sake ɗauka, kuma ba wanda zai iya ba da tabbacin hanyar za ta jure karo na gaba. Ta yago takarda rawaya ta tura gabanta.

"Kin fi ni sanin inda za a kai wannan."

Aka sallami Amarya, Maman Kati ta ce a gidanta za ta yi jinya. Da yamma Tilo ya zo da ledar lemo, yana ƙamshi, ya zauna a falo ya miƙe ƙafa. Uwar ta rufe ƙofar ɗakin da Amarya ke kwance, ta ajiye masa takardar a kan gwiwa. Ya karanta, ya juya bayanta, ya yi 'yar dariya.

"Wai ni? Haba Mama. A banɗaki ta ɗauka. Kin taɓa ganin banɗakin makarantar nan tasu? Ko kare ba zai shiga ba."

"Ba a ɗauka a banɗaki."

"Ikon Allah! Ke da kanki kike faɗa, tun ina ɗan yaro nake ji a bakinki. Yau kuma an canza?"

Ƙaryarta ce, kalma da kalma, ta fito daga bakin ɗan da ta goya. Ta zauna ta yi masa bayani tiryan-tiryan, yadda likitoci ke yi. Yana ji yana murza waya. Ya ce shi fa ba zai taka ɗakin sanyi ba ko za a yanka shi, rabin ɗalibansa matan unguwar nan ne, in aka gan shi a bencin nan aikinsa ya mutu. Ta roƙi likita washegari aka ba ta maganin ta kawo masa har gida: ƙwaya goma sha huɗu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kwana bakwai. Ta ɗebo ruwa ta tsaya a kansa har ya haɗiye ta farko. Ya buɗe baki ya nuna mata harshe kamar yaro, ya ce, "Shi ke nan, ranki ya daɗe, hankalinki ya kwanta?"

Hankalin nata ya kwanta kuwa, abin takaici. Kullum in ta tambaye shi a waya sai ya ce yanzun nan ya sha. Amarya ta shanye nata, ɗinki ya kame, ta fara zagaya tsakar gida tana dafa bango. Aka tsayar da magana ranar Asabar Tilo zai zo ya mayar da matarsa ɗakinta.

Ranar Juma'a da safe ya biyo ya ce zai rage wa uwar hanya zuwa asibiti. Ta shiga gaba. Turaren motar ya sa ta atishawa, ta buɗe 'yar ma'ajiyar da ke gaban kujera tana neman abin share hanci. Takardun mota, tsohon caja, sai ga fakitin magani. Ta ɗauko ta ɗaga shi sama. Rami ɗaya ne kawai a fashe. Ta ƙirga da babban yatsa duk da ta san amsar: goma sha uku.

"Tilo, mene ne wannan?"

Ya kalla da gefen ido, ya mayar da kansa titi. "Yana tayar min da zuciya. Kuma ni lafiyata ƙalau, Mama, ba abin da ke damuna. Mai lafiya ne zai yi ta shan ƙwaya?"

"Gobe za ka ɗauki yarinyar nan?"

"Matata ce ai."

"Tsaya."

"A tsakiyar titi?"

"Na ce ka tsaya!"

Ya gangara gefe, kusa da wani mai faci. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Shekara goma sha bakwai rabonta da ta yi wa matar aure wannan tambayar, ga shi yau ba ma ga mace za ta yi ta ba.

"Dube ni. Kana neman wata a waje?"

Ya yi dariyar borin kunya, ya sosa ƙeya, ya gyara madubi. "Mama, wace irin magana ce wannan tsakanin uwa da ɗa?"

"Ɗaya ce ko sun fi?"

Wayar da ke kife a kan cinyarsa ta fara rawa, ya danne ta da tafin hannu. Sannan ya murje ido ya ce, "Ni namiji ne fa. Kuma ban taɓa rage ta da komai ba, ki tambaye ta."

Bai rage ta da komai ba! An farke cikin yarinya an yanke mata rabin haihuwa, yana zaune da ƙwaya goma sha uku a mota yana cewa bai rage ta da komai ba. Maman Kati ta dubi hannunsa a kan sitiyari, farce a yanke tsaf, agogo yana ƙyalli, ta ji irin abin da take ji in ta karɓi katin mazan nan masu mutunci. Ta yi ta neman wani abu daban a fuskarsa, ba ta samu ba. Ta jefa masa fakitin a ƙirji, ta buɗe ƙofa ta fita. Yana kira "Mama, Mama," ko waiwaye ba ta yi ba.

Ba ta je aiki ba ranar. Ta taka da ƙafa har gida, rana tana dukanta, tana tafe tana tsaki, mutane suna kauce mata. Ba Tilo kaɗai take wa tsakin ba. Mata nawa ta rubuta wa "a'a" ba ta tambaye su ba? Nawa ta koya wa ƙaryar banɗaki suka kai wa mazan da suka karɓa da murna? Ta yi ƙoƙarin tuna fuskokinsu, suka ƙi tsayawa, sun yi yawa.

Ta iske Amarya zaune a bakin gado tana ninke kaya tana jerawa a jaka, a hankali, tana kaffa-kaffa da cikinta. Maman Kati ta tsaya a bakin ƙofa har numfashinta ya daidaita, sannan ta ja kujera ta zauna a gabanta.

"'Yata, ajiye kayan nan. Ba za ki koma gobe ba. Bai sha maganin ba, na gani da idona." Ta matso da kujera. "Kuma in wani ya ce miki a banɗaki kika ɗauka, ƙarya ne. Ɗana ne ya kawo miki. Yana neman mata."

Ta zata yarinyar za ta yi kuka, har ta shirya rarrashi. Amarya ta ƙarasa ninke zanen da ke hannunta, ta shafe shi, ta sa a jaka.

"Na sani, Mama."

"Kin sani?"

"Tun watanmu na biyar. Na ga saƙonnin." Ba ta ɗago kai ba. "Shi ya sa na zo asibitin. Wata malama a wajenmu ta ce min akwai tambaya a fom ɗin a kan miji, in na ce e za a gwada ni. Na kwana biyu ina koya wa bakina yadda zan faɗa. Da na ga ku ne a teburin na so in juya, sai na ce a'a, gara ma ku, ku ne za ku iya yi masa magana. Na tsaya ina jira ku tambaye ni."

Maman Kati ta kawar da kai gefe.

"Sau biyu na tsaya ina jira."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Maman Kati ta dubi hannunta na dama, ta ɓoye shi a ƙarƙashin mayafi. Da ƙyar ta ce, "Ki yafe min. Ki zauna nan wajena, ko wata nawa ne. Ni zan sa shi ya sha, ko da ɗura ne."

"In ya sha na wannan satin fa, Mama? Wata mai zuwa kuma ku bi shi da kofin ruwa?" A nan ne ta ɗago ta dube ta, ba fushi a idon, gajiya ce kawai. "Ba gidansa nake haɗa wa kaya ba. Na kira yayana, yana hanya. Ɗaya ce ta rage min, kuma ina son in haihu. Ba zan kai masa ita ba."

Maman Kati ta fahimta sarai. Hanyar za ta tsira, in Allah ya so wata rana ɗa zai bi ta cikinta ya zo duniya, kuma ba ita zai kira kaka ba. Ta so ta ce a yi haƙuri, a kira manya, a ba shi dama ɗaya. Kalmomin suna nan a bakinta, ta sha gaya wa matan mutane su a bakin tebur. Ta ji ƙyamarsu, ta haɗiye.

Mota ta yi ham a ƙofar gida. Amarya ta ja zip, ta miƙa hannu za ta ɗauki jakar.

"Bari," in ji Maman Kati. "Likita ta ce kada ki ɗaga abu mai nauyi."

Ta ɗora jakar a kanta, ta wuce gaba ta buɗe mata ƙofa.